Godiya ga Waɗanda Suka Tsaya Mana a Sansanin Bana

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayenmu, jagorori, da 'yan sikawut na yankinmu baki ɗaya.

Alhamdu lillahi. Motar ƙarshe ta sauke yaranta jiya da la'asar, kuma kafin magariba kowane jagora ya kira ni ya ce nasa sun cika, kowa ya shiga gidansu lafiya. Sai a lokacin hankalina ya kwanta. Na so in yi wannan rubutu tun daren jiya, amma na bari sai da na zauna da littafin sansani a gabana, don kada gajiya ta sa in tsallake wani da ya cancanci a ambace shi. Ba zan kama sunan kowa ba, domin da yawansu sun roƙe ni kada in yi. Duk wanda ya kwana a filin nan zai gane wanda nake nufi.

Kwana biyar muka yi, kuma abu uku muka haɗa: sansanin yara, horon sababbin jagorori, da daren karrama masu aikin sa-kai. Amma in an tambayi kowane yaro abin da ya fi tunawa, dare na uku zai ce. Daga nan zan fara.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare hadari ya taso mana daga gabas. Iska ce ta riga ruwa isowa. Kafin mu ankara tantuna uku sun kwanta, babbar rumfar taro ta tsinke igiyoyinta, janareta ya mutu. Duhu ya rufe filin, ga tsawa, ga kukan ƙanana. Na busa usur na taruwa ina addu'a a zuciyata, domin a irin wannan hali babban abin tsoro shi ne yaro ya ruɗe ya bi wata hanya shi kaɗai. Sai na fara jin muryoyi daga cikin duhun, ɗaya bayan ɗaya: "Rukunin Zaki, mun cika!" "Rukunin Shaho, mun cika!" Yara ne 'yan shekara goma sha uku da sha huɗu ke wannan kira, kowa ya dafa kan nasa ya ƙirga. Da aka zo kan Rukunin Barewa, shugabansu ya ce saura ɗaya. Bai tsaya neman izini ba, bai kuma yi ta ihu ba. Ya san inda kowa yake kwana, don haka kai tsaye ya nufi kusurwar tantin da ya faɗi, ya ɗaga tamfol, ya jawo ƙaramin cikinsu da ya naɗe a ciki ya rasa hanyar fita. Ɗana, na gode maka. Mahaifinka da mahaifiyarka su sani cewa sun yi tarbiyya, Allah ya yi maka albarka.

Wannan tsari na ƙananan rukunai, yara shida zuwa takwas da ɗaya daga cikinsu a matsayin shugaba, ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Tun sansanin farko da Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, ya yi a tsibirin Brownsea da ke kudancin Ingila, a watan Agusta na 1907, yara ashirin ya ɗauka ya raba su rukuni huɗu, ya ɗora wa kowane rukuni yaro daga cikinsu. Na sha karantar da wannan tarihi a aji, kuma na sha jin wasu iyaye na cewa ina amfanin ba wa yaro shugabancin yara 'yan'uwansa. A daren nan na ga amsar da idona. Da mu manya ne za mu bi tanti-tanti da tocila muna kiran suna, da mun daɗe ba mu gama ba.

Godiya ta musamman ga Baba maigadin makarantar da ke maƙwabtaka da filin. Tun kafin mu isa ƙofarsa ya riga ya buɗe ajujuwa biyu, yana tsaye da fitilarsa a cikin ruwa yana nuna wa yara hanya. Tanti ba ya kare mutum daga aradu, gindin doguwar bishiya kuwa ya fi ko'ina haɗari, don haka gini muke buƙata, kuma cikin gaggawa. Mun zauna a ciki har sai da aka yi minti talatin cur ba a ƙara jin tsawa ba, kamar yadda ƙa'ida ta ce, sannan jagorori suka fita duba kaya. Baba bai koma ya kwanta ba sai da gari ya waye. Ba ɗan ƙungiyarmu ba ne, ba shi da ɗa ko jika a cikin yaran. Baba, Allah ya saka da alheri, ya ba ka mai yi maka.

A garin gudu wani yaro ya taka turken tanti, ya tsaga masa ƙafa. Wadda ta fara isa kansa ɗaya ce daga cikin matasan da ke karɓar horo, wadda a ranar ma ta fara zaman darasin agajin gaggawa. Na ga hannunta yana rawa, amma ta yi daidai abin da aka koya mata. Ta ninke tsabtataccen ƙyalle ta danne ciwon da ƙarfi, ta ɗaga ƙafar, ta ƙi ɗaga ƙyallen don leƙawa, tana ta yi wa yaron hira har Malama ma'aikaciyar jinya ta iso. Ita kuwa Malama hutunta na aiki ta sadaukar ta zo mana, ba ta karɓi ko sisi ba, ta kwana huɗu tana barci da takalmi a ƙafa. Yaron yana gida, an yi masa ɗinki, yana takawa. Malama, yabon gwani ya zama dole, mun gode ƙwarai.

Da safe da muka zagaya filin, sai muka tarar tantunan ɓangaren arewa duk suna tsaye, ko turke ɗaya bai tumɓuke ba. Dalili kuwa shi ne babanmu, dattijon jagoran da muka karrama a daren ƙarshe. Tun da magariba ya dubi sama ya ce wa yaran ɓangarensa su bi shi. Ya sa suka sake kafa kowane turke a karkace, kansa yana kallon nesa da tanti, sannan ya sa suka ɗan sassauta igiyoyin. Wani matashin jagora ya tambaye shi, cikin ladabi, ko ba ƙara ɗaurewa ya kamata a yi ba tunda iska na zuwa. Baba ya nuna masa cewa igiyoyin nan na zaren tsiro ne, in suka sha ruwa takurewa suke yi, in kuwa an riga an ja su tamau, su da kansu za su tumɓuke turken. Ya kuma sa kowane yaro ya yi ƙullin nan da ake iya ja gaba ko baya ba tare da an kwance shi ba, har sai da hannun kowa ya faɗa. Da tsohuwar zuma ake magani. Ina roƙon duk wanda ya samu damar zama kusa da Baba ya riƙa tambaya, domin irin wannan sani ba kowane littafi ne ke ɗauke da shi ba.

Sama da shekara talatin ke nan Baba yana wannan hidima ba albashi ba alawus. Da yawa daga cikin masu horarwarmu na yau a hannunsa suka koyi ɗaura ƙyallen wuya, ni ma ina cikinsu. Wanda ya lura zai ga ƙwayoyin katako guda huɗu, kamar na carbi, a zare cikin igiyar fata a wuyansa. Tun watan Satumba na 1919, lokacin da aka yi horon jagorori na farko a Gilwell Park kusa da Landan, ake ba da irin waɗannan ƙwayoyi ga wanda ya kammala horon da ake kira Wud Baj. Na farkon an cire su ne daga wani abin wuya da Baden-Powell ya samo a ƙasar Zulu a 1888, wanda ake dangantawa da Sarki Dinizulu. Biyu ake ba wanda ya gama horo, uku ga mataimakin mai horarwa, huɗu ga wanda ke jagorantar horon kansa. A matakin duniya akwai lambar Kerkecin Tagulla, wadda aka fara bayarwa a 1935, kuma Baden-Powell ne ya fara karɓar ta. Mu a yanki ba mu da ikon ba da irin wannan. Takardar yabo ce da ƙaramin allo muka miƙa wa Baba, amma da ya tashi zai karɓa, yara suka miƙe tsaye ba wanda ya umarce su, suka ɗaga yatsu uku suka sara masa. Na ga ya cire tabarau yana share ido. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Sauran waɗanda aka karrama a daren, ku ma ina miƙa muku godiyar yankin nan. Akwai malamin makarantar da ke buɗe wa yara ajinsa duk ranar Asabar shekara da shekaru, da mai ɗinkin da ke gyara wa marayu kayan sikawut kyauta, da Hajiyarmu da ta kafa rukunin 'yan mata na farko a ɓangarenta lokacin da ake ce mata ba zai yiwu ba.

Ga masu horarwa, sannunku da ƙoƙari. Bayan daren da ba wanda ya runtsa, na ba da shawarar a ɗage darasin safe, kuka ce a'a, a ma mayar da abin da ya faru ya zama darasin. Kuka zaunar da ɗalibanku a kan jiƙaƙƙun tabarmi kuka bi abin daki-daki: wa ya ji usur, wa bai ji ba, me ya sa tocila ta yi ƙaranci, ina ya kamata a ajiye akwatin magani. A ganina wannan zaman ya fi duk sauran amfani. Na kuma ji daɗin yadda ba ku yi wasa da darasin kare yara daga cutarwa ba. Tun 2017, a babban taron sikawut na duniya da aka yi a birnin Baku na ƙasar Azarbaijan, aka amince da manufa guda a kan wannan, kuma mun ɗauke ta da gaske: babba ba ya keɓewa da yaro inda ido ba ya ganinsu, ɓangaren 'yan mata jagorori mata ne ke kula da shi, kuma duk ƙorafin da yaro ya kawo sai an rubuta an bi kadinsa. Ko a cikin ruɗanin daren nan ba a karya wannan ƙa'ida ba. Jagororinmu mata sun kai 'yan matansu aji na daban, suka zauna a bakin ƙofa har asuba.

Ku kuma sababbin jagorori, ina taya ku murna, amma ku tuna ba a rataya muku ƙwayoyin ba tukuna. Sai kun koma rukunanku kun aiwatar da abin da kuka rubuta za ku yi, mai horarwa ya zo ya gani da idonsa. Kada ku ji nauyin kira in abu ya cije muku.

Iyayenmu mata da suka riƙe mana madafa, da duk itacensu ya jiƙe amma yara ba su yi jiran karin kumallo ba, mun gode. Direbobin da suka jira mu awa biyu ana fitar da mota daga taɓo ba tare da sun ɓata rai ba, mun gode. Alhajin da ya ba mu aron filinsa, ya kuma aiko da tankin ruwa kullum, Allah ya ƙara buɗi.

Iyayen yara, ku ne kuka ba mu amana mafi girma, kuma akwai haƙƙinku a kanmu da dole in faɗa a fili. Wayoyinmu sun mutu a daren saboda rashin wuta, labarin hadari kuwa ya riga mu isa gare ku, har wasunku suka kwana a zaune ba su san halin da 'ya'yansu ke ciki ba. Wata uwa ta iso filin da sassafe idonta ya kumbura saboda kuka. Wannan sakacinmu ne, ya kamata a ce mun tanadi waya a cike da caji a hannun wani da ke wajen sansani, mai jerin lambobin kowa. Mun riga mun rubuta hakan cikin dokokin sansani na gaba. Don Allah ku yafe mana.

Kafin mu tashi ranar ƙarshe, bayan an sauke tuta an tsince filin tsaf, wasu yara suka jera duwatsu a ƙasa suka yi da'ira, suka ajiye dutse ɗaya a tsakiya. A alamomin bin sawu da muke koya musu, ma'anarta ita ce "na tafi gida". Alamar ce ke kan kabarin Baden-Powell a garin Nyeri na ƙasar Kenya, inda ya rasu a 1941. Yaran sun yi ta ne don jagoransu da Allah ya yi wa rasuwa a bara, wanda shi ya fara kawo su sansani. Muka tsaya muka yi masa addu'a. Allah ya jiƙansa da rahama, ya kyautata makwancinsa, ya raya abin da ya bari.

Shugabannin rukunai, kada a naɗe tanti da danshi, a shanya shi ya bushe sarai kafin a mayar ma'ajiya ranar Asabar. Akwai barguna biyu, tocila ɗaya, takalmi ƙafa ɗaya da ƙyallayen wuya da dama a ofishin yanki, mai su ya zo ya duba. Haɗuwarmu ta gaba ita ce ƙarshen mako na uku na watan Oktoba, lokacin taron da 'yan sikawut na duniya ke gaisawa ta rediyo tun 1958, yanzu kuma har da intanet. Muna neman wanda zai ara mana ɗaki mai wuta da kwamfuta ko da biyu ne, duk mai hali ya sanar da jagoran rukunin ɗansa.

Allah ya huta gajiya, ya bar zumunci.

Naku,
Kwamishinan sikawut na yanki, a madadin kwamitin sansani