Kwanon Tsakuwa Ya Fi Hoton Buhu Kawo Ciniki

Tun farkon shekarar 2021 nake kula da shafukan sada zumunta na wata ƙaramar masana'antar casar shinkafa a Birnin Kebbi, kuma watanni shida na farko na ɓata su ne wajen kwaikwayon tallan manyan kamfanonin Legas. Nakan jingina buhu a gaban farin ƙyalle in ɗauki hotonsa, in ƙawata shi da launuka a manhajar zane ta Canva, in rubuta jimla guda da Turanci cewa shinkafarmu ta fi ta kowa, sannan in ɗora a Facebook da Instagram in zauna jira. Masu danna alamar so ba su wuce 'yan uwana da abokan karatuna ba, waɗanda kara ce kawai suke yi mini.

Wata rana na kai wa Alhaji, mai masana'antar, wayata cike da murna, na nuna masa cewa mutum fiye da ɗari sun so wani hoto. Ya duba, ya miƙo mini wayar, ya ce, "Malam, a cikinsu wa ya aiko da kuɗi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, tukuna dai." Bai ƙara cewa komai ba, ya koma kan lissafinsa.

Abin da ban yi ba shi ne tambayar kaina mene ne yake hana uwargida sayen shinkafa 'yar gida. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma lamuni na Babban Bankin Nijeriya a nan Birnin Kebbi a 2015, aka kuma rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, mutane da yawa sun koma cin ta gida, amma ƙorafinsu ɗaya ne: tsakuwa. Wanda haƙorinsa ya taɓa gamuwa da ita a tsakiyar loma ba ya bukatar a gaya masa buhu yana da kyau. Saboda haka wata safiya na shiga ɗakin injuna da tsohuwar wayata Tecno, na ɗauki bidiyon daƙiƙa talatin na injin da ke ware tsakuwa yana girgiza, sannan na nuna hannun ma'aikaci, fari fat da ƙurar dusa, yana juye abin da aka tace daga buhunan safiyar a cikin kwanon sha. Ƙarar zubar tsakuwar a kwano ta fito sarai. Na bar shi ya yi bayani da bakinsa, da Hausarmu ta nan yankin, ban gyara masa ko kalma ɗaya ba. Kafin magariba mata sun cika ƙasan bidiyon da tambaya iri ɗaya: nawa ne, kuma kuna kawowa Jega?

Wannan tambaya ta tona wani kuskurena. Na ɗauki al'adar nan ta ɓoye farashi, a ce wa mai tambaya ya biyo ta saƙon sirri, ina ganin wayewa ce. A kasuwa kuwa, idan ka tambayi kuɗin mudu mai kaya ya ce ka zagayo bayan rumfa, za ka ɗauka yana duba tufafinka ne kafin ya yanka maka. Muka fara rubuta farashin buhu mai kilo 50 da na kilo 25 a fili, tare da kwanan wata, domin kuɗin shinkafa ba ya zama wuri guda. Alhaji ya ɗan yi jayayya, yana cewa abokan gasa za su gani, sai na tuna masa cewa sun riga sun sani tun daga bakin direbobi.

Na kuma gane cewa Facebook wurin haɗuwa ne, amma ciniki a WhatsApp yake faɗawa. Dillalanmu na Argungu da Yawuri da Zuru sun fi sauraron saƙon murya a kan karanta dogon rubutu, kuma suna leƙa abin da muka ɗora a sitatus kafin ya ɓace bayan awa 24, galibi bayan sallar isha'i. Bidiyo mai nauyi ba sa buɗe shi, balle bayan da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021, abokan cinikinmu na Gusau sun ɓace mana ɗungurungum, sai waɗanda magatakardan Alhaji ya rubuta sunayen shagunansu a littafi muka iya aika wa saƙo ta hannun direba. Na daina yi wa littafin nan dariya.

Abin da ya fi ba ni kunya ya faru ne gab da wani azumi. Wata mata ta rubuta a shafinmu cewa buhun da ta saya bai cika ba, ni kuwa don tsoron kada masu sayayyar azumi su gani, na goge maganarta. Ashe ta ɗauki hoton maganar, ta kuma yaɗa a zaurukan mata na WhatsApp inda ba ni da ikon goge komai. Alhaji ya kira ta da kansa, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, laifinmu ne," ya sa aka duba sikeli, aka tarar da gaske ya kauce, aka kai mata wani buhun har gida. Washegari ya umarce ni in ɗauki bidiyon sikelin da aka gyara ana auna buhu a kansa, in rubuta abin da ya faru da Hausa ba tare da kwana-kwana ba. Na rubuta, na goge, na sake rubutawa har sau huɗu kafin in ɗora, kuma wadda ta fara yin magana a ƙasansa ita ce Hajiyar, tana tambaya ko za a ajiye mata buhu biyu na sadakar azumi.