Tarihin Rayuwar Ernst Fabricius, Kashi na Uku: Dokar da Ruwa Ya Ɓoye

A makon jiya mun baro Fabricius, Bajamushe mai binciken tarihi, a tsibirin Samos, yana auna ramin nan mai tsawon fiye da mita 1,000 da Girkawan dā suka haƙa ta cikin dutse don jawo ruwa. Yau kuma sai tsibirin Kirit, shekarar 1884. Lokacin yana ɗan shekara 27, tsibirin kuwa yana hannun Daular Usmaniyya.

A nan ya tarar wani matashi ɗan Italiya, Federico Halbherr, ya riga shi yin gamo da katar. A kufan tsohon birnin Gortin akwai magudanar da ke kai ruwa ga injin niƙa. Da aka tare ruwan sai ga bango ya bayyana, rubutu tun daga sama har ƙasa. Halbherr ya kwafe ginshiƙi huɗu na rubutun, aikin ya tsaya masa. To ka san halin masu bincike, kowa so yake a ce shi ya fara gani. Amma shi sai ya buɗe wa Bajamushen cikinsa, Fabricius ya je ya haƙa, ya kwafe sauran takwas ɗin. Sha biyu ke nan, layi wajen 600.

Karatun kansa wani aiki ne. Layin farko ya taso daga dama zuwa hagu, na biyu ya juyo daga hagu zuwa dama, haruffan ma su juya fuska. Girkawa na kiran wannan salo juyin sa, wato yadda shanun huɗa ke kai ƙarshen kunya su juyo. Babu tazara tsakanin kalmomi, babu aya, haruffa 18 kacal. Ga laka, ga sanyin ruwa, mutum na tsugune da fensir yana bin harafi ɗaya-ɗaya, don kuskure guda ya isa ya canza hukunci.

Hukunci kuwa shi ne a jikin bangon. Dokokin birnin ne, an sassaƙa su a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ta farko ta ce in kana da ƙara a kan mutum, ɗa ne ko bawa, kada ka kama shi kafin a yi shari'a. Wanda ya kama ɗa tararsa sitata 10, kuɗinsu na lokacin, bawa kuwa 5. Matar da aka saka za ta fita da kayan da ta zo da su, da rabin amfanin dukiyarta, da rabin abin da ta saƙa a gidan, in kuma mijin ne sanadin rabuwar ya ƙara mata sitata 5. Ni inda na daɗe ina maimaitawa shi ne wajen gado: bayan gidajen cikin gari da ke zuwa ga maza, namiji kaso biyu, mace kaso ɗaya.

Abin da ya tsare duwatsun kuwa, Rumawa ne suka sake jera su a bangon wani ɗakin kiɗa da taro, har da lambobin da magina suka sa don kada a rikita jerin.

A 1885 kwafin nasu ya kai hannun malaman shari'a a Jamus, muhawara ta kaure. Shekara uku bayan haka aka kira Fabricius koyarwa a jami'ar Freiburg. Yadda mai bin rubutun Girkawa ya koma bin ganuwar Rumawa a dazuzzukan Jamus, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.