Aron gado: abin da ƙwayoyin teku suka koya mini a Maraɗi

Ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi faɗi da idona ya sani shi ne tafkin Madarunfa, sai Gulbin Maraɗi idan ya kawo a tsakiyar damina. Shi ya sa ranar da malaminmu ya ba ni aikin bincike kan yadda bakteriyar teku ke musayar ƙwayoyin gado, na bi shi har bakin babur ɗinsa. Na ce, "Malam, mu da ƙasarmu ko gaɓar teku ba ta da ita, me wannan zai amfana mana?" Ya ce, "Je ki karanta tarihin kwalara, ki dawo mu yi magana."

Tun muna kwaleji abin da aka cusa mana shi ne gado gangarowa yake yi, daga uwa zuwa ɗa, daga ɗa zuwa jika. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bakteriya ma haka take, ta tsage biyu kowane ɓari ya tafi da abin da uwar ke ɗauke da shi. Amma tana da wata ƙofar da mu ba mu da ita: tana iya karɓar gado daga maƙwabciyarta, ko da babu dangin iya babu na baba. A 1928 Frederick Griffith a Ingila ya ga ƙwayar da ba ta cutarwa ta ɗauki halin kisa daga gawar ƴar uwarta. A 1946 Lederberg da Tatum suka nuna ƙwayoyi biyu na iya mannewa ɗaya ta miƙa wa ɗaya. A 1952 aka gano bairas ma yana yin dakon gado daga wannan ƙwaya zuwa waccan, kuma sunan ɗalibin da ya gano hakan Norton Zinder, kamar dai Zinder ɗinmu ta Damagaram. Saboda wannan suna, ba wanda ya manta da hanya ta uku a ajinmu.

Da na shiga karatun kwalara sai kaina ya ɗaure. Ƙwayar, Vibrio cholerae, asalinta ƴar ruwa ce, mazauninta inda kogi ke haɗuwa da teku, irin mashigin Bengal. Danginta sun haura ɗari biyu, amma biyu kacal ke tayar da annoba, O1 da O139. A 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos suka gano cewa dafin da ke sa mutum zawo kamar ruwan wankin shinkafa ba kayan ƙwayar ba ne tun fil azal. Wani bairas ne mai suna CTX ya shigo da shi, ya kutsa cikin gadonta ya zauna. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Wannan aron kam ya rufe, har ƴaƴa da jikoki suna gadonsa.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun ɓawo. A cikin teku ƙwayar tana maƙalewa a jikin wasu ƙananan ƙwarin ruwa, dangin jatan lande, tana cin ɓawonsu. Sinadarin wannan ɓawo, kitin, shi ne dai wanda ke ƙaras-ƙaras a bakinmu idan muna cin soyayyar fara. A 2005 aka nuna cewa da zarar ƙwayar ta hau kan kitin sai ta buɗe jikinta ta fara zuƙar DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gado, da ke yawo a ruwan. Bayan shekara goma, masu bincike a Lozan ta ƙasar Suwizalan suka ƙara da cewa ba jira kawai take yi ba: tana da wani tsinke kamar mashi da take soke maƙwabciya, ta kashe ta, ta kwashe gadonta. Ruwan tekun da bai cika ƙaramin cokali ba yana ɗauke da bakteriya miliyoyi, bairas kuwa sun ninka su kusan sau goma. Kasuwa ce da ba ta tashi dare da rana.

Duk wannan a takarda yake, sai daminar 2018 ta fito da shi fili. A watan Yulin shekarar kwalara ta ɓulla a gundumar Madarunfa, kusa da iyakarmu da Jibiya, ni kuma ina staj, wato koyon aiki, a wani ɗakin gwaje-gwaje. Ana kawo samfur, mu shafa a kan faranti mai koren abincin ƙwayoyi, mu sa a na'urar ɗumi. Washegari sai mu tarar da ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa sun fito a kan koren. Daga nan sai gwajin magani: mu shimfiɗa ƙwayar a wani farantin, mu jera ƴan fararen takardu kamar maɓallin riga, kowace da maganinta. Maganin da ke aiki, za a ga fili fes ya kewaye takardarsa kamar an share masussuka. Takardar kotirimokzazol, wanda kowa ya sani da Bactrim, ba ta da fili ko na ƙwayar gero. Ƙwayar ta tsiro har jikinta.

Na zaci zafi ne ya lalata takardun, don an sha ɗauke wuta a makon. Na buɗe sabon kwali na sake, sakamakon bai canza ba. Shugabar ɗakin ta duba ta ce, "Ƴata, karanta abin da ke rubuce a kan takardar." Haruffa uku ne: SXT. Jikina ya yi sanyi, domin na san sunan daga aikin da Malam ya ba ni. Wani dunƙulen gado ne mai yawo da aka fara samu a jikin kwalarar O139 da ta ɓulla a Indiya a 1992, aka raɗa masa sunan maganin da yake karyawa. Yana iya ɓalle kansa daga gadon ƙwaya, ya tsallaka cikin wata, ya sake ɗinkewa, ɗauke da garkuwar magunguna da dama a ƙunshi guda. Masu binciken da suka bi sawun gadon kwalara sun nuna a 2017 cewa tun 1970 an shigo da ita Afirka daga Asiya aƙalla sau 11, a cikin cikin matafiya, kuma zuwan baya-bayan nan duk da garkuwar magani suka zo.

Abin bai tsaya ga kwalara ba. Gadon qnrA, mai rage ƙarfin maganin sifurofulokzasin, asalinsa daga Shewanella algae ne, ƴar ruwan teku. Yau ana samunsa a jikin ƙwayoyin hanji a asibitoci. Akwai kuma binciken 2004 da har yanzu nake tunawa duk lokacin da na wuce mai tallar magani da tirensa a rana: idan sifurofulokzasin ya taɓa ƙwayar bai kashe ta ba, firgitar da take yi ita ke tayar da SXT ya yi ta tsallakawa cikin maƙwabta. Kafso biyu da aka saya aka sha aka bari, ke nan, suna iya zama sanadin raba garkuwar ga ƙwayoyin da ba su da ita jiya. Wannan yana ƙona mini rai, domin na san mai sayen ba sakaci ne ya kai shi ba, kuɗin cikakken magani ne babu.

Tun daga lokacin na daina yanke hukunci da sunan ƙwaya kaɗai. Ko na ga irinta jiya, sai na sake jera takardun na auna filin da ma'auni, na rubuta a littafina da kwanan wata.

A gida kuwa, Inna tana da wani gwangwanin madara da take tara ragowar magunguna. Wani dare jikan maƙwabciyarmu ya kama zawo, na ga ta ɗauko shi tana zaɓen kafso. Na riƙe hannunta na ce, "Inna, don Allah a ba shi ruwan gishiri da sukari yanzu, mu kai shi likita." Ta ce ai wannan kafson ne ya warkar da Yaya bara. Na zauna na ba ta labarin farantin da takardar da ƙwayar ta tsiro har jikinta. Ta yi shiru can, sannan ta ce, "To, ashe su ma suna ba juna laƙani." Ta rufe gwangwanin ta miƙo mini, ta ɗauki mayafinta, muka goya yaron muka fita neman kabu-kabu.