Yaron da ba ya damun kowa

Ƙannena da kuka fara renon 'ya'ya, akwai wani yabo da nake so ku riƙa jin tsoronsa: "Wannan yaro akwai haƙuri, ba ya damun kowa." Ɗan shekara biyu zuwa huɗu ai damun mutane ne aikinsa. Ya tambaye ki sunan abu, ki faɗa masa, ya sake tambaya, ya ja miki zani kina tsakiyar tuƙin tuwo. In kika ga ya zauna tsit a gindin turmi yana juya murfin kwano tun hantsi har azahar, ki fara duba kunnensa kafin ki yabi haƙurinsa.

Haka ɗan farina ya tashi a gidan surukaina a Argungu. Kun dai san alkunyar ɗan fari: ba na kiran sunansa, ba na yi masa wasa a gaban Inna, ko faɗuwa ya yi sai dai wata ta ɗaga shi. Kowa yana yabon kunyata. To uwar da ba ta kiran ɗanta, ina za ta gane ba ya amsa kira?

Bayan wata mura mai zafi, yana shekara ɗaya da rabi, kunnuwansa suka fara zubar da ruwa. Muka ɗiga wani mai da maƙwabciya ta ba mu, muka cusa auduga. Ya tsaya, ya dawo, in hunturu ya shigo har matashinsa wari yake. Ya doshi shekara uku bakinsa bai buɗe ba. In ƙishirwa ta kama shi sai ya kama hannuna ya ja ni bakin randa. Inna ta ce, "Nauyin baki ne, ubansa ma haka ya yi." Abin da ya ruɗe mu shi ne yana jin babur in ya wuce, yana zabura in an buga ƙyaure. Ashe yaro yana iya jin ƙara amma magana ta riƙa iso masa kamar daga ƙarƙashin ruwa.

Ƙanwar mijina ce ta gano, da ta zo hutu. Ta ce, "Matar Yaya, yaron nan fa bakinki yake kallo." Ta zagaya bayansa, ta ce a hankali, "Zo ka karɓi alewa." Ko motsi bai yi ba. Ta dawo gabansa ta maimaita, sai ga shi ya miƙo hannu. Ku yi wa naku wannan gwajin, ba ya cin ko kwabo, amma kada inuwarku ta faɗo gabansa.

A asibiti aka ce dodon kunnensa ya huje. Ƙa'idar ma'aikatan lafiya ita ce, ruwan kunnen da ya kai kwana 14 ya zama daɗaɗɗen ciwo. Aka nuna mini yadda ake murɗa tsumma mai tsabta a tsane kunnen sau uku a rana kafin a ɗiga magani, aka hana mai da auduga da tsinke, aka ce kada ruwa ya shiga wajen wanka. Hana ɗan Argungu shiga gulbi kuwa, wannan wani yaƙin ne daban. In abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, ku nemi a tura ku sashen kunne, hanci da maƙogwaro, irin na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Yara ba sa tafiya tare, gaskiya ne, amma jinkiri yana da iyaka. Ɗan shekara ɗaya ya kamata ya waiwayo in an kira sunansa. Ɗan shekara biyu ya haɗa kalma biyu, irin su "ba ni" ko "Baba tafi". A shekara uku baƙo ya gane yawancin abin da yake faɗa. Kada kuma a ɗora wa Zabarmanci ko Fulatancin da ake yi a gida laifi. Harshe biyu ba ya ɗaure bakin yaro.

Ƙyanda da sanƙarau ma suna taɓa ji. Sanƙarau ɗin 2017 da ya taso daga Zamfara ya shigo mana Kebbi, kuma ciwo ne da yake iya tafiya ya bar yaro da kurumta, don haka duk wanda ya tashi daga shi a gwada jinsa ko da ya miƙe garau. Allurar ƙyanda kuwa biyu ce yanzu, a wata 9 da wata 15. Da yawa muna jefa katin a ƙasan akwati bayan ta farko.

Ban ce ku zubar da alkunya ba. Ki yi ta a tsakar gida in kina so, amma in kin shiga ɗaki ki kira shi, ko da sunan wasa ne, ki yi masa tatsuniya, ki sa shi ya maimaita. Nawa yaron, kunnuwan sun bushe, bakin ya buɗe, sai dai har yanzu in ajin ya cika da hayaniya karatu yana wuce shi. Duk farkon zango sai babansa ya je Islamiyya ya roƙi malam ya zaunar da shi a sahun gaba.