Nilufar, furen bado na 'yan sarauta

Ƙanwata da ke karatu a birnin Bursa na Turkiyya ta ce a ajinsu 'yan mata biyu ne masu suna Nilüfer, kuma unguwar da take zaune ma sunanta ke nan, haka kogin da ya ratsa garin. Da na tambaye ta ma'anarsa sai ta kwashe da dariya: “Yaya, bado ne fa. Badon tafki.”

Wato dai furen nan da ke shimfiɗe a kan ruwa in damina ta yi nisa, wanda a ƙauyenmu yara ke tsoma ƙafa su ciro, a ci 'ya'yansa da saiwarsa, musamman shekarar da hatsi ya yi ƙaranci. Ban taɓa jin Bahaushen da ya raɗa wa 'yarsa Bado ba. Su kuwa Turkawa sun mai da shi sunan 'yan sarauta.

Asalinsa ba Turkanci ba ne. Daga Farisanci suka aro shi, nilufar, su ma Farisawan daga tsohon harshen Indiya na Sanskrit suka samo, inda nila ke nufin shuɗi, utpala kuma furen ruwan. Larabawa sun ɗauka, ya bi ta hannunsu har Faransanci, shi ne nénuphar ɗin da 'yan'uwanmu na Nijar suka koya a makaranta.

Wadda ta fito da sunan ita ce Nilüfer Hatun, matar Orhan, sarki na biyu a Daular Usmaniyya, mahaifiyar Murad na ɗaya. Tsofaffin marubutan daular sun ce 'yar wani hakimin Rumawa ce mai suna Holofira, aka kamo ta a ranar bikinta, ta musulunta. Masana na baya-bayan nan suna ganin baiwa ce, don irin sunayen furannin Farisa bayi mata aka fi sa wa a gidajen sarauta. Ni wannan ya fi kwanta mini, labarin bikin ya cika daɗi. A 1388 ɗanta ya gina gidan ciyar da mabuƙata da sunanta a Iznik, yanzu gidan tarihi ne.

Akwai kuma gimbiya Nilufar, jinin Usmaniyya, wadda aka haifa a Istanbul a 1916. An kori danginsu daga Turkiyya a 1924, a 1931 aka ɗaura mata aure a Nice ta Faransa da ɗan sarkin Haidarabad na Indiya. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma da wata hadimarta ta rasu wurin naƙuda sai ta dage a gina asibitin mata da yara. An buɗe shi a 1953, har yau da sunanta ake kiransa.

Matar wana na da tsohon ciki, na kawo mata shawarar sunan. Ta ce in dai bado ne, in riƙe abina, ita Hadiza za ta sa.