Ba farashin tanka ba ne matsalar

A kwas ɗin tsara wasanni da na yi ta intanet, aikin ƙarshe shi ne kowa ya ɗauki wani wasa da ake da shi ya gyara masa doka ɗaya. Na ɗauki Axis & Allies, wasan Yaƙin Duniya na Biyu da Larry Harris ya ƙirƙiro, bugun da kamfanin Milton Bradley ya fitar a 1984. Taswirar duniya ake shimfiɗawa, Jamus da Japan a gefe guda, Rasha da Birtaniya da Amurka a ɗaya gefen. Kowane yanki da lambarsa. Jimillar lambobin yankunan da ke hannunka ita ce kuɗin da kake karɓa a kowane zagaye, da shi kake sayen mayaƙa su fito daga masana'antarka.

Duk wanda ya jima yana buga wasan ya san ciwonsa. Sojan ƙafa kuɗinsa 3, tanka 5. In aka jefa dayis irin na ludo, tanka ta fi ƙarfi wajen kai hari, amma wajen tsaro duk ɗaya suke, sai 1 ko 2 ta fito su yi kisa. To da kuɗi 15, soja biyar za ka saya ko tanka uku? Mai riƙe da Rasha, da kuɗinsa 24, ba ya ma tsayawa tunani. Soja takwas yake saye duk zagaye ya jibge a Kareliya, yankin Rasha mai masana'anta da ke iyaka da yankunan Jamus, Jamus ma ta jibge nata, a zauna ana kallon-kallo har dare ya raba.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, farashi ne bai yi daidai ba. Na mai da soja 4. Rasha ta koma sayen shida, ba a je ko'ina ba Jamus ta shiga Mosko. Na mai da shi yadda yake, na rage tanka zuwa 4. Sai Jamus, mai kuɗi 32, ta riƙa fito da tanka takwas, ga su da taka gida biyu alhali soja ɗaya yake takawa. Gyaran gangar auzinawa ke nan na yi ta yi har makonni. Abokan da nake tarawa suna gwada min ma sun fara kawo uzuri.

Abin da ya buɗe min ido ba a lissafina na same shi ba. Na daina rubuta wanda ya ci wasa, na koma rubuta abin da kowa ya saya da inda ya ajiye shi. Nan na lura da wani abokina mai riƙe da Birtaniya. Yakan kashe 15 ya gina masana'anta a Indiya, kuma a can tanka kawai yake fitarwa, shi da ya fi kowa maƙo a sauran fagage. Da na tambaye shi sai ya yi min kallon wanda bai karanta dokar ba. Masana'antun da aka fara wasa da su ba su da iyaka, amma sabuwa ba ta fitar da abin da ya wuce lambar yankinta, lambar Indiya kuwa 3 ce. Tunda uku kawai ƙofar ke ɗauka, me zai sa ya cika ta da masu araha?

Ashe abu biyu ɗan wasa ke kashewa, kuɗi da gurbi, ni kuma ɗaya kawai nake ta taɓawa. Na bar farashi yadda na same shi, na sa wa kowace masana'anta iyaka. Kareliya ta koma fitar da uku, sauran biyar sai daga Mosko, su yi zagaye guda a hanya. Wannan ɗan jinkirin shi ya ba Jamus tagar kai hari, ya kuma tilasta wa mai Rasha ya riƙa tunani kafin ya biya. Jibgin bai ɓace ba, gaskiya, amma ya daina zama dabara ɗaya tilo.

Ina cikin jin kaina gwani na tarar bugun 2004 ya riga ni. Ya sa wannan iyakar ga dukkan masana'antu, ya ɗaga tsaron tanka zuwa 3, ya kuma shigo da igwa a kan kuɗi 4. Haka na rubuta a rahotona, ban ɓoye ba.

Kwaɗayi ya sa na ƙara doka ta biyu, wadda ba a ma tambaye ni ba. A 1941 Tarayyar Sobiyet ta kwashe masana'antu sama da 1,500 a jiragen ƙasa ta kai su gabas, wajen tsaunukan Ural da Siberiya, don kada su faɗa hannun Jamus. Na ba mai Rasha damar ɗauke masana'antarsa ya matsa da ita baya, a bakin zagaye guda ba tare da ta fitar da komai ba. Na so dokar ƙwarai, har kati na musamman na yanka mata. Cikin duk wasannin da muka gwada, ko mutum ɗaya bai taɓa amfani da ita ba. Katin na nan a cikin kwalin.