Baƙo a gaban kwamitin malamai a Jos

Daga Maraɗi zuwa Jos tafiyar mota ce kawai, ta Ɗan Isa da Jibiya, ka ratsa Katsina da Kano. Hausar da na taso da ita ce ta sama mini ɗaki a Unguwar Rogo, ita ce kuma nake cinikin tumatir da ita a Farin Gada. Sanyin garin ya ɗan wahalar da ni da fari, domin Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, amma rigar sanyi ta raba wannan gardamar. Inda na san lallai na bar ƙasarmu Nijar shi ne cikin jami'a, inda na zo neman digiri na biyu.

A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, inda na yi digirin farko, mai neman digiri na biyu yakan nemi malamin da zai duba masa kundi, su yi ta aikinsu su biyu, sai ranar ƙarshe ya tsaya gaban alƙalai ya kare. 'Yan uwa da abokai su cika ɗaki, a ba shi maki a kan 20, a fita a yi hotuna. A nan kuwa sai da aka fassara takarduna daga Faransanci, na kai su Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja aka tantance. Na gama darussan aji, sannan sashe ya ba ni supabaiza, wato malamar da za ta duba mini kundi. Kuma ko ita ba ta da ikon cewa na wuce. Akwai kwamitin karatun gaba da digiri na sashe, wanda ake kare furofozal, wato tsarin binciken da ɗalibi ke son yi, a gabansa, akwai semina, akwai karewar cikin gida, sannan a gayyato mai jarrabawa daga wata jami'a. Bayan gyare-gyare takarda ta hau zuwa makarantar karatun gaba da digiri, daga can majalisar jami'a ta sa hannu.

Da aka jero mini waɗannan matakai, gabana ya faɗi. Turancina na karatu ne, ban saba magana da shi gaban mutane ba.

Supabaizata farfesa ce, 'yar asalin Filato, Kirista, Hausa a bakinta kamar a Kano aka haife ta. Zamanmu na farko na fara kame-kame da Turanci, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Ɗana, faɗa mini da Hausa me kake son ganowa." Na ce, "Ranki ya daɗe, albasar Galmi nake son bi, daga gonar Tawa har kasuwar Jos, in ga wa ke cin riba a hanya." Ta ce to yanzu ta ji, in je in rubuta wannan da Turanci a shafi ɗaya. Haka muka riƙa yi: tunani da Hausa a ofishinta, rubutu da Turanci a ɗakina, ta mayar mini da takarda jajir da biro. Ba ta taɓa rubuta mini jimla ko ɗaya ba. Takan ce ranar karewa ba za ta yi magana a madadina ba, kuma ba ta yi ɗin ba.

Kwamitin da nake tsoro shi ne ya cece ni. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta rufe iyakarta da Nijar, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Rabin bincikena yana can ƙetare, kuɗin da ake aiko mini daga gida ma sai an yi dabara kafin ya iso. Na je wurinta ina tunanin haɗa kaya. Ta ce, "Taken aikinka kwamiti ne ya amince da shi, kwamiti ne kuma zai iya canza shi. Rubuto takarda."

A zaman da aka yi, wani malamin da ya fi kowa matsa mini da tambaya ranar furofozal shi ya kawo mafita. Ya ce ga manoman rani nan da ke ban ruwa daga tsofaffin ramukan haƙar kuza a Bukuru da Barikin Ladi, kabejinsu da karas da tumatir duk Farin Gada suke zuwa. Tambayar wa ke cin riba tana nan yadda take, kaya ne kawai suka canza. Wata malama ta ce in rage yawan mutanen da zan tambaya, tun da aljihuna ya yi rauni. Aka rubuta komai a takardar zama, aka tura sama. Daga ranar ba wanda ya isa ya ce mini in koma kan tsohon take.

Wannan rubutawar ita ce abin da na fi girmamawa. Ɗan gari yana da kawu ko tsohon malaminsa da zai yi masa magana idan abu ya cije. Baƙo ba shi da kowa sai abin da ke rubuce a fayil. Na san tsarin yana da jinkiri, don haɗa manyan malamai a ɗaki ɗaya rana ɗaya ba wasa ba ne, waɗanda suka riga ni shiga kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na wata takwas a 2022 ya cinye musu shekara. Duk da haka, na fi yarda da idanu da yawa a kan aikina fiye da a bar makomata a hannun mutum ɗaya, komai kirkinsa.

Zuwa gonakin nan ya sa na san Filato fiye da yadda ɗakin karatu zai sanar da ni. Dillalan Farin Gada sun daina ce mini ɗan Nijar, yanzu malam mai tambaya suke kirana, wani dattijo cikinsu ma shi ya haɗa ni da manoman Bukuru. Na wuce karewar cikin gida, na gama gyaran babi na huɗu da aka ce in yi, an kuma aika kundin ga mai jarrabawa na waje. Ana sa rana zan sanar da Baba, don ya ce ko ba a barin 'yan uwa su shiga ɗakin kamar a Yamai, zai zo ya gaishe da farfesa.